Ƙarar ƙafar gaba da rawar sitiyari a motar da aka rage wa tsayi

Ƙarar ƙafar gaba da rawar sitiyari matsaloli ne biyu da sukan bayyana a motar da aka rage wa tsayi, wato motar da aka canza wa sifirin ko shokazoba domin jikinta ya matso kusa da ƙasa fiye da yadda kamfani ya ƙera ta. A bakin bakanikai da direbobi, "ƙafar mota" ta haɗa taya da duk ƙarafa, robobi da gaɓoɓin da ke riƙe ta da jikin mota, suna barin ta ta yi sama da ƙasa, ta kuma juya dama da hagu. Idan aka rage wa mota tsayi, waɗannan sassa sukan koma aiki a yanayin da ba shi aka tsara musu ba, shi ya sa ƙara da rawa suke saurin fitowa.

Gano tushen matsalar ya dogara ne a kan tambayoyi uku: wace irin ƙara ce, a wane lokaci take fitowa, kuma me aka taɓa a jikin motar kafin ta fara. Wata ƙarar damun kunne kawai take yi, wata kuwa alama ce ta gaɓar da ke dab da ficewa, wadda idan ta fice mota na cikin gudu direba kan rasa iko da sitiyari.

Tarihi

Rage wa mota tsayi ya samo asali ne daga wurare biyu. Na farko shi ne tseren motoci, inda ake sauke jikin mota domin tsakiyar nauyinta ta matso ƙasa, ta rage kishingiɗa a kwana. Na biyu kuma ado ne. A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, matasa 'yan asalin Meziko sun fara sauke motocinsu tun shekarun 1940, wasu ta hanyar yanke sifirin, wasu ta hanyar ɗora buhunan yashi a but. A ƙarshen shekarun 1950 jihar ta kafa doka, sashe na 24008 na dokokin ababen hawa, wadda ta haramta sauke mota har wani sashe na jikinta ya yi ƙasa da bakin rim. A shekarar 1959 Ron Aguirre ya sa wa motarsa ƙirar Corvette famfunan haidirolik da ke ɗaga ta da sauke ta a duk lokacin da aka so, abin da ya zama hanyar kauce wa dokar. An soke haramcin da dokar da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. A Japan ana kiran irin waɗannan motoci shakotan. A Jamus kuwa, sifirin da za a canza dole ne ya kasance da takardar amincewa, kuma hukumomin gwajin motoci irin su TÜV suna duba aikin.

A Najeriya da Nijar, yanayin hanyoyi ya sa ɗaga mota ya fi rage mata tsayi yawa. Duk da haka akan samu motar hannu da aka shigo da ita da gajeren sifirin tun daga ƙasar da ta fito, mai saye bai sani ba. Sifirin da ya gaji ko ya karye shi ma yakan sauke mota da kansa, ya haifar da irin waɗannan alamu.

Hanyoyin rage tsayi

Akwai hanyoyi huɗu da aka fi sani:

1. Gajeren sifirin na kamfani, irin na Eibach ko H&R. Yawanci yakan sauke mota da milimita 25 zuwa 40, kuma ya fi na asali tauri.
2. Koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe, mai zare a jikinsa da zobba biyu da ake murɗawa domin saita tsayi. KW, Bilstein da Tein suna cikin masu ƙera shi.
3. Jakar iska da ke maye gurbin sifirin, ana cika ta ana sace ta da kwamfuresa.
4. Yanke sifirin na asali ko gasa shi da wuta. Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi haɗari, domin wuta tana ɓata ƙarfin ƙarfen, yankakken sifirin kuma ba ya zama daram a mazauninsa.

Sassan ƙafar gaba

Yawancin ƙananan motoci na yau suna amfani da tsarin MacPherson, wanda aka sa wa sunan injiniyan Amurka Earle S. MacPherson, kuma ya yi fice a motocin Ford Consul da Zephyr na Birtaniya a farkon shekarun 1950. A wannan tsari shokazoba da sifirin suna tsaye tamkar turke ɗaya, kuma turken gaba ɗaya yana juyawa tare da taya idan an murɗa sitiyari. Tsari na biyu shi ne mai hannu biyu, na sama da na ƙasa, kamar wanda ke gaban Honda Civic daga 1988 zuwa 2000.

Galibin sunayen sassan ƙafa ararrun kalmomi ne daga Turanci da suka shigo Hausa ta gareji, kuma furucinsu yakan bambanta daga gari zuwa gari. Muhimmai daga cikinsu su ne:

- Sifirin: ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota.
- Shokazoba: yana danne lilon sifirin ta hanyar tura mai ta ƙananan ƙofofi.
- Hular shokazoba, wadda ake kira shok-fad: roba da boris da ke haɗa kan turke da jikin mota.
- Robar kariya: robar da ke kan sandar shokazoba, tana hana ƙarfe bugun ƙarfe idan ƙafa ta kai ƙarshen tafiyarta.
- Hannun ƙasa, ko lowa-am: yana riƙe ƙasan ƙafa, yana da bushin na roba a ɓangaren ciki da boljoyin a ɓangaren waje.
- Tayarod da rak-en: gaɓoɓin waje da na ciki na sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya.
- Sitabilaiza da linkej: sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, da 'yan gajerun sandunan da ke ɗaure ta da ƙafa.
- Shaf: yana kai ƙarfin inji ga taya a mota mai jan gaba, yana da gaɓa ta ciki da ta waje.
- Boris da hob: cibiyar da taya ke juyawa a kai.

Abin da rage tsayi yake canzawa

Raguwar tafiyar ƙafa. Duk milimitar da aka rage daga tsayin mota, kusan daga sararin motsin shokazoba ake cire ta. Misali, idan akwai milimita 70 tsakanin jikin shokazoba da robar kariya, aka sauke motar da milimita 40, saura 30 ke nan. Ƙaramin rami ko tudun rage gudu ya isa ya cinye wannan sarari, ƙafa ta doki robar. Shokazoba na asali kuma ba a tsara shi ya danne sifirin mai tauri ba, don haka yakan yi saurin zubar da mai ya mutu.

Sauyin saitin taya. Idan jikin mota ya sauka, saman tayoyi yakan karkata ciki, abin da ake kira kamba. Wannan ya fi tsanani a tsari mai hannu biyu. Bakin tayoyin ma yakan canza, ko dai su tsuke ta gaba ko su buɗe, abin da masu alaimen ke kira to-in da to-awut. Kuskuren bakin taya ya fi kamba saurin cinye taya, kuma tayar da ta ci ba daidai ba takan koma tushen gurnani da rawa.

Juyawar taya da kanta. Hannun ƙasa da tayarod kowanne yana lilo ne a kan da'irarsa. A tsayin asali, da'irorin biyu suna tafiya kusan tare. Idan an sauke mota da yawa sai su saɓa, ta yadda duk sa'ad da taya ta hau tudu sai bakinta ya ɗan juya ba tare da direba ya motsa sitiyari ba. Direba yakan ji motar tana fizga a kan gargada.

Murɗewar bushin. Robar bushin a manne take da bututun ƙarfe ciki da waje, saboda haka murɗewa take yi idan hannu ya motsa. Idan aka ɗaure kusarta mota na rataye a kan jak, ko aka sauke mota ba a sassauta kusar an sake ɗaurewa ba, robar takan zauna a murɗe har abada, ta tsage kafin lokacinta.

Sauyin kusurwar shaf da linkej. Gaɓar shaf ta ciki takan koma aiki a wurin da ba ta saba ba, linkej kuma yakan zama ya yi tsawo ga sabon tsayi, ya matse gaɓoɓinsa ko ya tura sitabilaiza ta taɓa wani ƙarfen.

Nau'o'in ƙara da abin da suke nunawa

Masu mota sukan kwatanta ƙara da amsa-kama, kuma wannan kwatance yana taimaka wa bakanike ƙwarai idan aka haɗa shi da lokacin da sautin ke fitowa.

Ƙwas-ƙwas a kan ƙananan gargada, a hankali. Wanda ake fara zargi shi ne linkej ko bushin ɗin sitabilaiza. Sautin ya fi fitowa idan taya ɗaya ce ta hau tudu, yakan kuma ragu idan tayoyin biyu sun hau tudun rage gudu a lokaci guda, domin a lokacin sandar ba ta murɗewa. Idan ƙarar ta fara ne daga ranar da aka sa sabon sifirin, akan duba notin kan sandar shokazoba, wanda sau da yawa ba ya ɗauruwa sosai saboda sandar tana juyawa tare da shi. A koyiloba, zobban da ba a kulle su da juna ba su ma suna yin irin wannan ƙara.

Gwaf mai nauyi a babban rami. Wannan yawanci ƙarewar tafiyar ƙafa ce. Akan ga robar kariya ta farfashe ko ta lanƙwashe. Idan kuma sautin yana zuwa ne lokacin da taya ta faɗa cikin rami ba lokacin da ta hau tudu ba, mai yiwuwa sifirin ya yi gajarta, yana barin mazauninsa idan ƙafa ta miƙe, sannan ya faɗo da ƙarfi.

Ɗas ko tsalle-tsallen sifirin idan ana murɗa sitiyari mota na tsaye. A tsarin MacPherson wannan yana nuna boris ɗin hular shokazoba ya cije, ko an haɗa shi a juye. Sifirin yakan murɗe, ya tara ƙarfi, sannan ya suɓuce. Idan aka ɗora hannu a kan sifirin da hattara wani yana juya sitiyari, akan ji tsallen. Haka ma idan bakin sifirin bai shiga gurbin da aka yi masa a mazauni ba.

Ƙyas-ƙyas a jere lokacin kwana. Idan an murɗe sitiyari har ƙarshe ana taka totur a hankali aka ji wannan sauti yana bin juyawar taya, gaɓar shaf ta waje ce ta ci. Galibi robar da ke rufe ta ce ta fara yagewa, giris ya fita, ƙasa ta shiga.

Ƙiii ko kukan roba. Bushin da ya bushe ko ya tsage, ko boljoyin da giris ɗinsa ya ƙare. Bushin na foliyuritan, wanda ake yawan sa wa motocin da aka yi wa kwaskwarima, yana buƙatar giris na musamman, in ba haka ba yakan yi kuka. Boljoyin mai kuka kuwa ba abin jinkiri ba ne.

Gwaf sau ɗaya lokacin taka birki ko tashi. Bushin ɗin baya na hannun ƙasa ya yage, ko kusoshin da ke riƙe gadon inji da ƙafa sun sassauta, ko kalifar birki tana motsi.

Gurnani mai ƙaruwa da gudu. Ko dai boris ne ko tayar da ta ci kamar haƙoran zarto. Idan sautin ya ƙaru lokacin da aka karkata hagu, nauyi ya koma dama, don haka boris ɗin dama ake fara zargi, haka nan akasin haka. Sautin taya kuwa yakan canza da irin kwaltar da ake tafiya a kai.

Shuu ko gurza a kwana da kan tudu. Taya ce ke gogar robar cikin marfinta ko bakin ƙarfen bodi. Shaidar a bayyane take: wuri mai sheƙi a jikin roba, ko yanka a gefen taya.

Wasu koyiloba suna zuwa da hula mai gaɓar ƙarfe zalla maimakon roba. Irin wannan hula tana shigo da ƙarar hanya cikin mota ko da sabuwa ce, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Rawar sitiyari

Gajeren sifirin ba ya ƙirƙirar rawa da kansa, domin rawa mai bin gudu tana fitowa ne daga abin da ke juyawa: taya, rim, faifan birki, hob ko shaf. Abin da rage tsayi ke yi shi ne ƙara fito da ita. Sifirin mai tauri, bushin mai tauri da taya mai gajeren gefe ba sa shanye girgiza kamar na asali. Misali, tayar 205/55 R16 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 113, ita kuwa 225/40 R18 da akan maye gurbinta da ita milimita 90 take da shi. Gaɓoɓin da suka ci, kamar tayarod da bushin, su ma suna ƙara wa ƙaramar rawa girma.

Rawa a wani keɓaɓɓen gudu. Idan sitiyari yana rawa tsakanin kilomita 80 zuwa 120 a awa, rawar ta ragu a ƙasa da haka, rashin balans ne ya fi yawa. Kewayen tayar 205/55 R16 ya kai kusan mita biyu, don haka a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa. Wannan ya faɗa cikin adadin da ƙafar ƙaramar mota ke lilo da kanta, wato kusan sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, shi ya sa rawar ke tsananta a nan. Rashin daidaiton giram 30 a bakin rim mai inci 16 yana fizgar ƙafa da ƙarfin da ya kai kusan nauyin kilo biyar a wannan gudu, kuma idan gudu ya ninka, ƙarfin yakan ninka sau huɗu. Laka da ta bushe a cikin rim ko ƙarfen balans da ya faɗi sun isa su jawo haka.

Rim ɗin da bai zauna a tsakiya ba. Masu rage wa mota tsayi sukan canza rim a lokaci guda. Ramin tsakiyar rim na kasuwa yakan fi hob faɗi domin ya shiga motoci da yawa. Milimita 73.1 sananne ne a rim na kasuwa, alhali hob ɗin Volkswagen da yawa 57.1 ne, na Toyota da yawa 60.1, na Honda da yawa 64.1. Idan ba a sa zoben cike gurbi ba, rim yana iya ɗauruwa a ɗan karkace, ya yi rawa ko da na'urar balans ta nuna sifili. Mazaunin noti ma iri uku ne: mai tsini, mai zagaye da mai lebur. Notin da bai dace da rim ba ba ya daidaita shi, kuma yana iya kwancewa. Sifesa da ake sa wa tsakanin hob da rim, idan ba ta da leɓen da ke riƙe tsakiya, ita ma haka take yi. Tsatsa ko datti a fuskar hob yana hana rim kwanciya daidai.

Rawa a hankali. Idan sitiyari yana lilo dama da hagu a gudun kilomita 20 zuwa 40 a awa, ko motar tana tafiya kamar mai ɗingishi, akan nemi rim da ya lanƙwashe ko tayar da wayoyinta suka rabu ta yi ƙulu. Balans ba ya gyara wannan, domin siffar tayar ce ta ɓaci. Motar da ta daɗe a ajiye tayoyinta sukan ɗan baje a inda suka taɓa ƙasa, amma irin wannan yakan wuce bayan sun ɗumama. Ana gane shekarun taya daga lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan harufan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Rawa lokacin taka birki kawai. Wannan daga faifan birki ne. Ko da yake akan ce faifan ya lanƙwashe, galibi kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba. Kamfanoni da yawa ba sa yarda karkatar faifai ta wuce kusan milimita 0.05. Ɗaure notocin taya ba daidai ba, ko ɗora faifai a kan hob mai tsatsa, yana cikin abin da ke fara jawo matsalar. Kalifar da ta cije kuwa takan sa ƙafa ɗaya ta yi zafi fiye da ɗaya, rawa ta riƙa zuwa bayan an ɗan yi tafiya.

Rawa lokacin taka totur kawai. Idan rawar ta ɓace da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, gaɓar shaf ta ciki ake zargi. Wannan ita ce rawar da ke da alaƙa kai tsaye da rage tsayi, domin gaɓar ta bar gurbin da ta saba gogawa ta koma wata kusurwa. Wani lokaci ɗaga motar da 'yan milimitoci kaɗan yana kawar da ita. Robar zaman inji da ta yage tana ba da irin wannan alama.

Matakan bincike

1. Tarihin motar. Ana tambayar yaushe matsalar ta fara da aikin da aka yi na ƙarshe. Ƙarar da ta fito rana ɗaya da aiki, yawanci kuskuren haɗi ce. Wadda ta fito bayan watanni, yawanci cin gaɓa ce.
2. Abubuwa masu sauƙi. Iskar taya, ɗaurin notoci, da kayan da ke yawo a but ko ƙarƙashin mota, kamar robar rufin inji da salansa.
3. Awon tsayi. Ana aunawa daga tsakiyar rim zuwa bakin marfin taya a kan daɓe mai lebur, a kwatanta dama da hagu. Babban bambanci yana nuna sifirin da ya karye ko bai zauna ba.
4. Gwajin hanya. Ana rubuta gudun da rawa ke farawa, da ko tana canzawa da birki, totur ko kwana. Idan rawa ta ci gaba a gudu ɗaya bayan an saki totur, daga taya ko ƙafa take. Idan tana bin ƙarar inji har mota na tsaye, daga inji take.
5. Musayar tayoyi. Ana mayar da na gaba baya, na baya gaba. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, laifin yana taya ko rim. Ba a yin haka idan girman na gaba da na baya ya bambanta.
6. Girgiza taya a sama. Ana kama taya sama da ƙasa a jijjiga: motsi yana nuna boris ko boljoyin. Idan motsin ya ɓace lokacin da wani ya taka birki, boris ne. Sai a kama ta dama da hagu: motsi yana nuna tayarod ko rak-en. A motocin da sifirin ke zaune a kan hannun ƙasa, sai an tokare hannun da jak kafin wasan boljoyin ya bayyana.
7. Banƙara da liba. Ana duba kowane bushin da gaɓa, ana neman tsagewa, giris da ya fantsama da wurin da ƙarfe ya goge fenti.
8. Cire linkej. Ana kwance na dama da na hagu, a ɗaure sitabilaiza gefe, a ɗan zagaya a hankali. Idan ƙarar ta tafi, an gano inda take. Wannan gwaji ne na ɗan lokaci, ba a barin mota haka.
9. Awo da na'ura. Agogon awo yana nuna karkatar rim, hob da faifan birki. Na'urar balans mai danna taya da abin nadi, irin ta kamfanin Hunter, tana gano tayar da ke da wuri mai tauri. Akwai kuma 'yan makirufo da ake maƙalawa a sassan ƙafa a saurara mota na tafiya.

Ƙa'idar da ake bi ita ce a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Ƙarfe yana ɗaukar sauti daga wuri zuwa wuri, don haka ƙarar da ake ji kamar daga hagu take tana iya kasancewa daga dama, kuma sayen sassa bisa zato yakan ci kuɗi ba tare da an warware matsalar ba.

Gyara da rigakafi

Ana haɗa gajeren sifirin da shokazoba da aka ƙera dominsa, da robar kariya mai tsayin da ya dace. Hular shokazoba da ta tsufa ana canza ta tun lokacin aikin. Ana ɗaure kusoshin bushin mota na zaune a kan tayoyinta. Idan tsayi ya canza da yawa, akan sa linkej mai saiti da kusar gyaran kamba. Bayan sifirin ya zauna, ana yin alaimen na ƙafa huɗu, a motocin zamani kuma a sake saita na'urar da ke karanta kusurwar sitiyari da saitin fitilun gaba.

Notocin taya ana ɗaure su ne da sifanar awo, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. Adadin ya danganta da mota: motocin Toyota da yawa suna buƙatar 103 Nm, na Honda 108 Nm, na Volkswagen 120 Nm. Ana sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Idan an sa sifesa, noti ya kamata ya shiga zare aƙalla gwargwadon kaurin kusar, wato kusan juyi takwas a kusa mai milimita 12 da tazarar zare 1.5. Idan mota tana dukan robar kariya a kowace rana, maganin da ya rage shi ne a ƙara mata tsayi.

Haɗari

Boljoyin ko tayarod da ya fice yana sa taya ta kwanta ko ta juya gefe nan take. Saboda haka ba a ci gaba da tuƙi idan akwai wasa a waɗannan gaɓoɓi, ko sitiyari ya yi sako-sako, ko an ga ƙulu ko yanka a gefen taya, ko noti yana kwancewa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita sai an tokare ta da matokaran ƙarfe a kan ƙasa mai tauri. Sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya kashe mutum, don haka ba a kwance notin kan shokazoba sai an kama sifirin da na'urar matsewa.

Duba kuma

- Shokazoba
- Taya
- Birkin mota
- Tsarin sitiyari